Goron Sarkin Ruwa da Igwar Dabaran

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a ƙasa, don labarin yau ba na dariya ba ne. In na kai ƙarshe akwai tambaya, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

Akwai wani kogi, Gulbin Rafsa, da ya raba ƙasashe biyu. Gabas da shi ƙasar Dabaran, yamma da shi ƙasar Kalmasa. Kowacce da tutarta, da shugabanta, da sojojinta, da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Su kuwa mutanen bakin ruwa, wannan rabon bai taɓa zama musu a kai ba. Mutum ya yi asuba a Kalmasa, ya kai kifi kasuwar Dabaran, ya dawo da gishiri da labari kafin azahar.

A gaɓar yamma, cikin Kalmasa, akwai garin masunta da ake kira Tungar Goje. Nan Sarkin Ruwa Magawata yake da matarsa Inna Tumba, da suka haifi 'ya'ya uku. Babban, Dantani, ya zauna gida ya gaji sana'ar ubansa. Sauran biyun, Arzika da ƙanwarsa Shafa'atu, tun suna ƙanana kawunsu ya ɗauke su riƙo a ƙetare. A can suka yi makaranta, takardunsu duk na Dabaran ne. Arzika ya shiga soja har ya zama kyaftin, aka ba shi igwa shida a wani tudu mai nisan mil takwas daga kogi. Shafa'atu ta zama lauya a ma'aikatar harkokin waje, a babban birni. In aka tambayi Inna Tumba aikin 'yarta, sai ta ce ita dai ta ga yarinya tana ta yawo da takardu har ta rame.

A ƙarshen wata damina, kogi ya cika ya batse, Allah ya yi wa Magawata rasuwa. Arzika da Shafa'atu suka zo, aka yi sadakar uku da su, kowa ya koma bakin aikinsa. Inna Tumba ta shiga takaba a ɗakin mijinta, wanda ƙofarsa ke kallon ruwa.

To, mutanen Tungar Goje suna da wata al'ada. In Sarkin Ruwa ya rasu, ranar bakwai da hantsi ake fitar da jirage arba'in tsakiyar kogi, kowane da bindigar toka guda, an ɗura mata albarushi zalla, ba harsashi. Sai a fuskanci gabas, a sake su gaba ɗaya. Wai sanar da ruwa ake yi cewa mai shi ya tafi. Malamai sun sha faɗa a kan abin, amma tun da sai Sarkin Ruwa ya mutu ake yi, faɗan ba ya daɗewa. Rabon da a yi shi shekara arba'in da ɗaya ke nan, kuma a wancan lokacin ba komai a gaɓar gabas sai ciyawar burgu da tsuntsaye. Yanzu kuwa barikin sojan Dabaran ne a wurin, daidai saitin garin.

Kada ku ce Dantani bai yi tunani ba. Ya yi, irin na mutanen ruwa. A wurinsu, in aka aiko maka da ƙwaryar goro an kife ta da faifai, an ɗora ƙugiya guda a kai, an gaya maka komai: Sarkin Ruwa ya rasu, ranar bakwai za a harba, a janye jirage. Ya aika wa hakimi, ya aika wa liman, ya aika wa masuntan ƙetare, ya kuma aika bariki. Sajen da ya karɓa mutumin can cikin duwatsu ne, wanda bai taɓa ganin kogi ba sai da aka kawo shi aiki. Ya ɗaga faifai, ya ga goro fari tas, ya ce mutanen nan akwai karamci. Ya raba wa yaransa, ƙugiyar kuma ya jefar.

Ranar bakwai, Inna Tumba na zaune a kan tabarma da carbi, ta ji ƙarar da ta girgiza randar ɗakin. Hawaye suka zubo mata, amma na jin daɗi, don an yi wa Magawata abin da aka yi wa ubansa. Ba ta gama share su ba ta ji guɗar mata ta juye ta koma salati.

Ashe a daidai lokacin jirgin sintirin Dabaran ya zagayo kwana da soja tara a ciki. Suka ga jirage arba'in jere, bindigogi na kallonsu, wuta ta tashi, hayaƙi ya rufe ruwa. Matuƙin ya ruɗe, ya murɗa jirgin da ƙarfi, ya daki wani dutse da ambaliya ta rufe. Kafin hayaƙin ya washe, jirgi ya kife, ruwa ya tafi da mutum tara. Saje ya fizgi oba-oba yana ihu: Kalmasa ta kawo hari da jirage arba'in, an kashe mana tara! Labarin ya hau daga baki zuwa baki, kowane baki yana ƙara masa gishiri. Da ya isa fadar shugaban ƙasa, jiragen sun zama na yaƙi, Tungar Goje ta zama sansani.

Wajen ƙarfe biyu na rana mai shelar hakimi ya bi gari yana cewa kowa ya fice, Dabaran za ta yi wa Tungar Goje ruwan igwa da la'asar. Jama'a, ina za a? Gaba kogi, baya fadama ta cika har wuya, gari na mutum dubu uku, jiragen ba su kai ɗari ba. Aka yi ta loda yara da masu ciki. Wata ta fito da tukunya ta manta jaririnta, wani tsoho ya zauna a ƙofar masallaci yana tambayar kowa wane laifi aka yi.

Jimmai, matar Dantani, ta faɗo ɗakin surukarta tana haki, ta ce a tashi. Inna Tumba ta dube ta, ta ce, "Igwar nan, a hannun wa take?"

Jimmai ta sunkuyar da kai. Kowa a garin ya san Arzika ke riƙe da ita. Jikin tsohuwa ya yi sanyi ƙalau, carbin ya sulale daga hannunta. Aka kirawo liman, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce mata lalura ce, shari'a ta yarda mai takaba ta fita in rai na cikin haɗari.

"Na ji, Malam, Allah ya saka," in ji ta. "Amma in ɗan da na goya ne zai rushe ɗakin ubansa, to ya same ni a ciki."

Ba irin roƙon da ba a yi ba. Ta juya fuskarta ga bango. Ita da wasu mutum ɗari bakwai da ba su samu jirgi ba suka zauna jiran la'asar.

Ga abin da ba ta sani ba sai daga baya.

Ba da la'asar aka so a harba ba tun farko, da sha biyun rana ne. A lokacin ne umarni ya iso wa Arzika ta oba-oba, lambobi ne kawai, ba sunan gari. Ya shimfiɗa taswira ya bi lambobin da yatsa, yatsan ya tsaya a kan kasuwar bakin ruwa ta Tungar Goje, taku ɗari daga ɗakin da ya baro uwarsa kwana huɗu da suka wuce. Ya lissafa kwanaki, ya tuna abin da ubansa ya taɓa ba shi labari yana yaro, na jirage arba'in da albarushi. Ya kira kanar ɗinsa ya gaya masa. Kanar ya ce ba tatsuniya ya tambaye shi ba. Arzika ya ce, ranka ya daɗe, wa ke harbinmu a yanzu da za mu kare kanmu daga gare shi? Kanar ya ce ya harba ko ya ga abin da zai biyo baya. Arzika ya ajiye oba-oba, ya bi igwar nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya zare ƙarfen da ke tayar da harsashi a jikin kowacce, ya zuba a buhu, ya jefa a rijiyar sansani. Sojojinsa suka saki baki, ba wanda ya iya motsi. Ya cire hula da bel ya ajiye a kan taswirar, ya zauna a gindin marke yana jiran masu kama shi. Sai da aka turo wani manjo daga hedikwata da sababbin ƙarafa, kuma kafin ya iso ya ɗaɗɗaura, biyu ta wuce. Ba don waɗannan awanni biyu ba, da duk wata magana da za a yi a birni a kan toka za a yi ta.

A birni kuwa, da sha ɗaya aka kira Shafa'atu aka ce ta rubuta wasiƙa zuwa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa an kawo wa Dabaran hari kuma ta kare kanta. Ta karanta rahoton, ta ga sunan garinsu, alƙalami ya faɗi. Ta ce ba za ta rubuta ba. Darakta ya yi faɗa, minista ya yi faɗa, ƙarshe aka tasa ta gaba har zauren da shugaban ƙasa ke zaune da manyan hafsoshinsa, don ta maimaita a gabansa in tana da bakin. Shi shugaban ba azzalumi ba ne, ku sani. Mutum ne da aka gaya wa an kashe masa yara tara, kuma jama'a sun fara taruwa a ƙofar fada. Shafa'atu ta tsaya, ta ce:

"Ranka ya daɗe, ƙasar nan ta sa hannu a kundin Majalisa. Mun yi alkawarin ba za mu yi amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa ba, ko barazanarsa ba za mu yi ba. Ƙofa biyu kaɗai aka bari: Kwamitin Sulhu ya ba da izini, ko a kawo mana hari da makami mu kare kanmu. Izini ba mu da shi. Harin kuma ina yake? Wa ya ga gawa? Wa ya tsinci harsashi? Jiragen sun koma gida tun hantsi. Abin da ake shirin yi ramuwar gayya ce a kan masu shanya kifi, ba kare kai ba. In igwa ta tashi, mu muka fara yaƙi, kuma sunanka za a rubuta, ba na waɗannan ba."

Ministan tsaro ya ce ai 'yar garin ce, wanta ma shi ne ya lalata igwa ɗazu. A nan ta fara jin abin da Arzika ya yi. Ta ce ƙwarai 'yar garin ce, amma ko garin da ba ta taɓa jin sunansa ba ne, ƙarya ba ta zama doka. Shugaba ya ce ya ba da wa'adi zuwa ƙarfe huɗu. In ba a kawo masa shaida ba, manjo ya harba. Tana fita ta ratse bayan wata mota, ta buga waya ga wani lauyan gwamnatin Kalmasa da suka sha zama a taro. Ta gaya masa lokaci, ta gaya masa gari, ta roƙe shi abu uku: a kwashe mutane, Kalmasa ta tsayar da nata sojojin da suka kamo hanya, kuma in an ga sojan Dabaran ko ɗaya da rai, a bar shi ya ƙetaro. Ta san sarai sunan abin da ta yi a dokar ƙasarta. Ba don ita ba, da manjo na gama ɗaure ƙarafansa zai saki wuta.

Shi kuwa Dantani, bai san da igwa ba, bai san da kundi ba. Shi dai ya ga mutane sun faɗa ruwan ubansa a ranar bakwai ɗin ubansa, ta dalilin bindigar da shi ya ɗaga hannu aka harba. Tun hayaƙi bai gama washewa ba ya zaɓi jirage biyar ya bi ruwa. Sojojin bariki suna ta dube-dube a inda jirgi ya kife, shi ko kallon wurin bai yi ba, don ya san inda Rafsa ke kai abin da ta ɗauka in ta cika: wata kwana can ƙasa, tafiyar awa uku, inda itatuwan giyayya ke tsaye cikin ruwa. A can ya same su, mutum takwas maƙale a rassa, leɓunansu sun yi fari, ɗaya yana roƙon kada a yanka su. Na taran, wani kofur, ciyawar burgu ta naɗe masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa. Sau bakwai Dantani ya nutsa kafin ya kwance gawar. Ya ba masu rai fura, ya juyo da su yana tuƙi gaba da ruwa. Jandarmomin Kalmasa suka tare shi, suka ce waɗannan fursunonin yaƙi ne, sai ga waya daga sama cewa a sake su. A bakinsu ya ji maganar ƙarfe huɗu. Ya ɗaura farin rawanin ubansa a kan gora, ya tsaya a goshin jirgi, ya nufi barikin da ke cike da mutane masu jin an kashe musu 'yan uwa. Suka buɗe wuta. Harsashi ya farfasa masa hannun dama, bai zauna ba, ya mayar da gorar hagu. Sai da sojojin cikin jirgi suka miƙe suna kiran sunayen abokansu aka tsagaita. Likitan bariki ya juya gawar kofur, ba rauni ko na allura, ruwa ne kawai. Mutum takwas suka rantse ba harsashin da ya taɓa su. Dantani, jini na zuba, ya tambayi saje ko goronsa bai iso ba. Saje ya waiga ya dubi ƙwaryar da ke rataye a ƙofar ɗakin gadi, ya ɗora hannu a ka. Huɗu saura minti tara aka kira fada. Ba don shi ba, da wa'adin Shafa'atu ya cika a banza.

A Tungar Goje, Inna Tumba ta ji liman ya kira la'asar. Ta yi sallarta a zaune, ta jira. Inuwa ta miƙe, kaji suka hau turke, ba abin da ya faɗo daga sama. Da aka zo aka zayyana mata abin da 'ya'yanta suka yi, sai ta yi ta girgiza kai.

Yanzu kuna zaton za a ɗauko su a mota a kai su fada a rataya musu lambar yabo. Ni ma da haka na zata. Ƙasashen biyu suka zauna, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto, aka ce kuskure ne, har aka kafa kwamitin kogi. Amma gwamnati ba ta son wanda ya gan ta tsirara. Kotun soja ta ɗaure Arzika shekara goma sha biyar, don ya ƙi bin umarni ya kuma lalata makaman ƙasa. Aka ɗaure Shafa'atu shekara goma sha biyu, don ta kai wa wata ƙasa sirrin tsaro a ranar da ake shirin yaƙi da ita. Dantani kuwa daga gadon asibiti, bayan an yanke hannun, aka wuce da shi kurkukun Dabaran, shekara goma sha huɗu, don shi ya yi sanadin mutuwar kofur. Kalmasa ta yi ɗan ƙorafi a takarda ta yi shiru, don kada sulhu ya lalace a kan masunci guda.

Ran da Inna Tumba ta fita takaba, ba ta tsaya karɓar barka ba. Ta hau jirgi, ta hau mota, ta isa birnin da ba ta taɓa gani ba. Kwana goma sha tara tana zama a ƙofar fada da buta da tabarma, har masu gadi suka fara kiranta Kaka. Ƙarshe aka shigar da ita wurin wani babban sakatare, mutum mai ladabi, wanda ya russuna ya gaishe ta.

Ya ce, "Inna, shugaba ya ji kukanki. Amma hafsoshi na kallonsa, iyayen kofur ma na kallonsa. Ya ce a bikin 'yancin kai na bana zai yi afuwa ga mutum ɗaya daga cikin ukun. Ya ce ke kika haife su, ke za ki zaɓa."

Ta ce, "Ɗaya?"

Ya ce, "Ɗaya, Inna. Faɗi sunan, ni zan rubuta miki."

Ya cire murfin alƙalami. Tsohuwa ta dubi alƙalamin. Ta tuna Arzika, wanda ya san hukuncin da ke jiransa kafin ya taɓa ƙarfe na farko, ga matarsa da jaririn da bai taɓa gani ba. Amma an ce ya karya rantsuwarsa ta soja, kuma ita kanta ba ta sani ba ko da garin wasu ne zai ƙi harbawa. Ta tuna Shafa'atu, wadda ta tsaya ita kaɗai a gaban masu ƙasa ta ce a'a, kuma maganarta kariya ce ga kowane gari, ba nasu kaɗai ba. Amma ba a saita ta da bindiga ba, kuma ba ta da yaro da ke kuka a gida. Ta tuna Dantani, da hannunsa da ya bari a ƙetare, da 'ya'yansa bakwai, da mutum takwas da ke numfashi ta dalilinsa. Amma shi ya ɗaga hannu aka harba, kuma akwai wata uwa can cikin duwatsu da aka kai wa gawa. Cire ɗaya daga cikinsu, da ita da mutum ɗari bakwai suna ƙarƙashin ƙasa.

Sakatare yana riƙe da alƙalami har yanzu, bakin Inna Tumba ya buɗe, suna bai fito ba.

To, jama'a, ga ku ga alƙalamin. Arzika da ya hana igwa tashi, Shafa'atu da ta tsayar da shugaban ƙasa da doka, ko Dantani da ya ciro gaskiya daga cikin ruwa: wane ne a cikinsu ya fi cancanta a buɗe masa ƙofa, a bar biyu a ciki?